Abin da Inna Ta Guntse

Kabewar da ta faɗo wa Inna a ka, ita ta shuka ta da hannunta, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai har yau. Ta binne irin a gindin ɗakin girki farkon damina, ta yi ta faɗa da awaki a kansa, ta ɗora yaɗon a kan jinka da sanda. Da kaka ta yi, wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki muciya, sai babbar cikinsu ta tsinke ta gangaro ta same ta a tsakar ka. Inna ta yi baya, ƙeyarta ta bugi bakin turmi, ta suma. Muka yayyafa mata ruwa muna salati. Ba a jima ba ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a yanka kabewar. A ranar aka yi miyar taushe da ita, Inna ta ci malmala biyu ta ce ta rama.

Inna surukata ce, mahaifiyar maigidana. Shekara arba'in ta yi tana aikin ungozoma a ƙauyenmu, nan gabas da Zakirai, inda gona ke manne da gona, gida ke jingine da gida, idan ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ne zai ce maka sannu. A irin wannan wuri jarin ungozoma bakinta ne. Inna ta san wadda ta yi raki a wurin haihuwa, ta san wadda ta zagi mijinta da kakanninsa, ta san jaririn da ya zo da wuri fiye da lissafin mutane. Ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinta ba. Cewa ake yi cikin Inna rumbu ne da aka manta ba a yi masa ƙofa ba.

Mako guda da faɗuwar kabewa muka je suna gidan mai unguwa. Uwargidansa, wata Hajiya mai ji da kanta, tana yi wa mai jego huɗuba, wai ita haihuwa tara ta yi ba wanda ya taɓa jin ko nishinta, 'yan matan yanzu ne ba su da kunya. Inna tana tsakiyar shan kunu ta sauke ludayi.

"Ke?" ta ce. "Ke da kika ciji hannuna kina kiran kakarki da ta mutu, har jakin gidan ya tsinke igiya ya gudu? Ga tabon nan."

Ta ɗaga hannu ta nuna tabon. Sai na ga Inna ta kai tafin hannu ta rufe bakinta, idanunta sun fito, kamar wadda wani ya yi maganar a bayanta.

Daga nan kuma sai abin ya zama kullum. Ta haɗu da liman a bakin rijiya ta gaya masa cewa ranar da aka haife shi mahaifiyarsa ta tambaya ko an tabbata ba kwaɗo ba ne. Ta gaya wa mai shayi yawan ruwan da yake ƙara wa madara. Babban ɗanta, Alhaji, wan maigidana, mai fataucin shanu, yana zaune a zaure da baƙi ana cinikin bijimai, ta leƙo ta sanar da su cewa ya yi fitsarin kwance har ya shekara goma sha biyu. Duk lokacin da ta yi, sai ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado ta yi ta hawaye. Ta ce maganar ba ta tsayawa ta yi mata sallama, sai dai kawai ta ji ta a waje. Ga jiri idan ta miƙe, ga ciwon kai da rana ta yi zafi, ga mantuwar inda ta ajiye carbi.

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, sannan Alhaji ya kai ta asibiti a Kano. Suka zura kanta cikin wata na'ura suka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙashi bai fashe ba, jini bai taru ba, komai yana wurinsa. Wannan hoto shi ya ƙarasa ta a gari. Mata suka ce to, tunda na'ura ta ce lafiyarta ƙalau, ashe dama hali ne, kabewa ce kawai ta ba ta dalili. Aka daina kiranta wurin haihuwa. Mace za ta fara naƙuda a gidan da katangarmu ɗaya, a hau babur a ɗauko ma'aikaciyar lafiya daga Zakirai, Inna tana zaune tana jin komai ta saman katanga.

Ni kuma a lokacin ina ɗauke da nawa abin. Shekarata goma sha ɗaya da aure, ɓari uku. Duk ukun sai da gari ya sani, aka yi mini murna, aka fara zolayata da tsamiya, sannan ya zube. Zubewar da zafi, amma abin da na fi tsana shi ne jerin gwanon masu sannu, kowace ta zauna ta ba ni labarin wata da ta yi ɓari bakwai kafin ta mutu. Ni malamar firamare ce. Ina tsayawa gaban allo in gaya wa yara sauro ne ke kawo zazzaɓi, ba bakin mutane ba. Amma da na ga na huɗu ya shiga, wata biyu bayan kabewa, na rantse ba mai ji sai ya fito da kansa ya ƙi ɓoyuwa. Ko maigidana ban gaya wa ba, shi da ma rabin shekara yana kudu da shanun wansa. Duk wata sai in yi kwana biyar ina sallata a ɓoye a bayan gado, don matan gida su zaci ina fashin salla.

To ka duba halin da nake ciki. Ga ni da ciki a ɓoye, ga ni gida ɗaya da ungozomar da ke gane ciki daga yadda mace ta ɗauki tulu, kuma bakinta ba marfi. Ni ce nake kai mata koko kowace safiya, ni nake matsa mata ƙafa.

Sai ta fito da wata sabuwar ɗabi'a. Da na yi sallama, kafin in sauke labule, za ta kai hannu ƙarƙashin matashi ta ɗauko goro, ba ɓari ba, guda sukutum, wani lokaci biyu, ta cusa a kumatu. In ce Inna ina kwana, ta ce "Mm." In ce ya jikin, ta ce "Mm." Haka za ta zauna kumatu a kumbure har in fita. Ina fita in ji ta tofar, ta ɗaga murya tana gaya wa wata ƙanwar miji abin da ubanta ya yi a shekarar fari. Da farko na ji sanyi a raina. Daga baya haushi ya kama ni. Duk garin nan tana da abin faɗa wa kowa, har mai tallan gishiri ya samu rabonsa, ni ce ba ta da ko kalma ɗaya? Na yanke wa kaina hukunci cewa raini ne, tana ganin matar da ta kasa riƙe ciki ba ta kai a ɓata mata yawu ba. Har sai da na kai ƙararta wurin likita a cikin alamomin ciwo.

Alhaji ne ya matsa aka koma asibiti, don tun labarin fitsarin kwance dillalai suka sa masa suna a kara, kasuwar shanu. Wannan karon wani likita muka samu mai haƙurin sauraro. Ya ce hoton farko gini yake nunawa, ko bango ya tsage ko bai tsage ba. Akwai wani hoton da ke nuna ko ana hura wuta a kowane ɗaki. Za a yi mata allurar wani magani mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, ya bi jini ya shiga ƙwaƙwalwa, na'ura ta zagaya kai ta ga inda jini ke isa sosai da inda yake ƙaranci. Sai dai na'urar tana Abuja, maganin kuma a jirgi ake kawo shi, ba ya jira, ƙarfinsa raguwa yake yi da sauri, don haka ranar da suka ce a zo, ranar za a zo. Inna ta ce ko Makka ce a ƙafa za ta je.

"Ba magani nake nema ba, likita," ta ce. "So nake a nuna musu ba halina ba ne."

Ya ƙara da sharaɗi ɗaya. Kwana guda kafin hoton, ba shayi, ba goro. Na ga fuskar Inna ta canja, ta juyo ta dube ni ta kawar da kai.

Da ranar ta zo Alhaji yana da shanu a hanya, maigidana yana kudu, ni ce mai Turanci, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Cikina yana wata uku. Muka shiga mota a Kano, aka matse mu gefe da gefe. Tun a tasha Inna ta sa na saya mata ruwan leda ƙunshi guda. Ta huda ɗaya, ta guntsa, ta riƙe a baki ba ta haɗiye ba. Idan kumatunta suka gaji ta haɗiye ta sake guntsar wani. Haka muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna. Sau biyar direba yana tsayawa saboda ita, har fasinjoji suka fara tsaki. A tsayawa ta uku, da na ɗan yi nisa, na jiyo ta tana gaya wa direban cewa matar da yake ta waya da ita tun Kwanar Dangora ba matarsa ba ce, muryar da yake yi ta nuna. Ina dawowa ta guntsi ruwa.

Muka kwana gidan wata 'yar uwa, da safe muka je asibitin. Sashen yana can ƙarshen gini, a jikin ƙofar an manna hoton mace mai ciki an ja masa jan layi. Na tsaya ina kallon hoton nan. Wata nas, Bahaushiya, ta fito da takarda ta rubuta sunan Inna, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce 'yar rakiya? Kina da ciki, ko kina zaton akwai?"

Inna tana gefena, kumatu cike da ruwa, idonta a kaina. Na ce, "A'a." Na ɗaga ƙafa zan bi su ciki. Sai na ji ƙwat, Inna ta haɗiye ruwan da ƙarfi.

"Kada ta shiga," ta ce. "Warin turarenta hawar mini kai yake yi. Kuma ta cika iyayi, za ta koya wa likita aikinsa."

Rabona da shafa turare wata uku, don ko warinsa ba na iya jurewa. Na zauna a benci a can bakin baranda na yi kukan takaici. Wata uku ba ta ce mini uffan ba, da ta tashi magana abin da ta zaɓa ke nan, a gaban baƙuwa. Gaskiya ne na tsira daga shiga ɗakin, amma ban haɗa biyu da biyu ba, ni mai koyar da lissafi.

Nas ɗin ce ta ba ni labarin abin da aka yi a ciki. An kwantar da Inna a ɗaki mai duhu-duhu, aka ce kada ta yi magana, kada ta yi motsi, kafin allura da bayanta, don ƙwaƙwalwa ta natsu. Ta ce shirun ya yi wa Inna wuya ƙwarai, har gumi take yi, kuma da aka ce ta iya magana ta gaya wa mai na'urar cewa auren da yake shirin yi uwarsa ba ta so. Ya tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce zoben da yake ta juyawa. Daga nan aka ɗaure mata kai da maɗauri, na'ura ta yi ta zagaya ta sama da rabin awa.

Da suka fito, mai na'urar ya tsaya nesa kaɗan ya yi mana bayani. Ya ce maganin ba shi da wani haɗari, ƙarfinsa yana raguwa rabi duk awa shida, sauran kuma fitsari zai fitar, ta sha ruwa da yawa. Don kariya kawai, daga yanzu zuwa gobe war haka kada ta goyi jariri, kada ta daɗe a manne da mai ciki. Na bi shi har bakin ofis na ce ina da wata ƙawa mai ciki da za ta iya shiga mota ɗaya da mu. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke kan marata ban sani ba, ya ce in gaya wa ƙawata ta zauna a baya, Inna a gaba, ya wadatar.

Ina ta tunanin dabarar da zan yi, ashe ba sai na wahala ba. Muna isa tasha Inna ta tsaya tsakiyar fili ta ɗaga murya ta ce an yi mata allurar wuta, duk macen da ta raɓe ta ta kuka da kanta. Nan take aka ba ta kujerar gaba ita kaɗai, abin da ko ɗan majalisa ba ya samu a motar haya. Wani ɗan kamasho ya tambaya ko za a iya cajin waya a jikinta. Ni na samu kujerar ƙarshe, kusa da buhunan doya.

A hanya Alhaji ya kira ni yana tambayar yadda aka yi. Nan na tafka wautar da ta fi kowace. Saboda son in nuna na riƙe bayanin likita kalma da kalma, na gaya masa duka, har da zancen jarirai da masu ciki. Mun isa gida bayan magariba a gajiye, kowa ya nufi ɗakinsa. Washegari bayan sallar asuba Alhaji ya miƙe a masallaci ya yi sanarwa, wai don kare lafiyar al'umma: duk mai ciki ta nisanci Inna har zuwa hantsi.

Namiji ne kaɗai zai yi wannan sanarwa ya ga ya yi aikin lada. A garinmu wanda ya dawo daga asibiti, dole kowace mace ta zo ta durƙusa ta ce sannu da hanya, ya jiki. A garinmu kuma mace ba ta cewa tana da ciki, ko uwarta ce ta tambaya sai ta sunkuyar da kai. Yanzu ga shi an ce wadda ba ta zo ba ta faɗa da ƙafarta. Kafin rana ta fito sosai tsofaffin unguwa sun shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu, daidai inda za su ga ƙofar Inna, har da masu tahowa da gyaɗar ɓarewa.

Abin da na gani a safiyar nan ba zan manta ba. Amaren bana suka zo a jere, fuska a murtuke, suka tsaya daga bakin zaure suna tura juna, kowace tana son wata ta fara. Wata mai ciki wata takwas, wanda makaho ma zai shafa ya gane, ta zo ta ce ita kumburin wake ne, za ta shiga. Wata gwauruwa mai shekara saba'in ta aiko jikarta ta ce a gaya wa Inna ba za ta samu zuwa ba, an san dalili. Maza kuma suka shiga kore awaki masu ciki daga bayan ɗakin Inna, wani ya ja jakarsa mai ciki har gonar liman ya ɗaure. Mai kaji ya zo yana tambaya ko dokar ta shafi kaza mai kwanci.

Ni kuma ina ɗakin girki na dama koko, na zuba a kwano, na fito. Kowa ya san ni ce mai kai wa Inna koko, ni ce mai zama a bakin gadonta in matsa mata ƙafa har ta shanye. Daga ɗakin girki zuwa ƙofarta taku goma sha biyu ne. Na yi lissafin a kaina: awa ashirin da ɗaya da allura, rabi, rabin rabi, rabin wannan, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba, ga ruwan da ta sha. Na san ba abin da zai faru. Amma wadda ta yi ɓari uku ba ta jin lissafi. Na yi taku shida na tsaya cak a tsakiyar gida, kwano yana ƙona mini hannu. Idan na ci gaba, in wani abu ya faru ba zan yafe wa kaina ba. Idan na juya, kafin azahar an sani har Zakirai. Tsofaffin nan suka daina ɓarar gyaɗa.

Sai labulen Inna ya motsa, ta leƙo da kai, ɗankwali a karkace.

"Wace ce wannan take tahowa? Ku mayar da ita! Likita cewa ya yi duk wata mace, mai ciki da marar ciki, daga 'yar shekara bakwai har mai ɗari, kada ta kusance ni kwana bakwai. Duk ku fita. Ke ma mai kumburin wake, fita."

Alhaji ya shigo da sauri daga zaure. "Inna, ai Malama ta ce masu ciki kaɗai, kuma zuwa hantsi..."

"Kai aka yi wa allurar ko ni?"

Nan fa halina ya motsa. Ni ba na iya jin an faɗi abu ba daidai ba in yi shiru, ko da gyaran zai ci ni. Na buɗe baki na ce, "Inna, ba haka likita ya..." Ban ƙarasa ba takalminta ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa cikin turmi.

"Kun gani ko? Iyayi! Alhaji, karɓi kwanon nan. Ku na haifa, ku za ku yi."

Aka watse. Tsofaffi suka naɗe tabarma suna gunaguni an ɓata musu safiya, amare suka fita da sauri suna dariyar da ba su shirya ba. Kwana bakwai Alhaji, mai shanu ɗari, yana ɗaukar kwanon koko da hannu biyu yana ratsa tsakar gida, babbar riga tana jan ƙasa. Shi ke share ɗakin, shi ke matsa ƙafa, ita kuma tana ba shi tarihin yarintarsa da ƙarfi yadda za a ji a zaure. A rana ta huɗu ya tambaye ni a asirce ko akwai allurar da ke kashe waccan allurar.

Ni kuwa kwana bakwai ɗin nan na yi su ina juya abu ɗaya a raina. Turaren da ban shafa ba. Kujerar gaba. Takalmin da ya wuce kunnena, daga hannun matar da ke jifan kaza daga nesa ta same ta. A rana ta takwas na dama koko na shiga. Ina sauke labule ta kai hannu ƙarƙashin matashi. Na ajiye kwano na riƙe hannun, goron yana ciki.

"Inna, tun yaushe?"

Ta yi ƙoƙarin ƙwacewa. Ta dubi ƙofa. Sai maganar ta fito da gudu, amma ƙasa-ƙasa, kamar tana danne ta da gwiwa.

"Tun ranar da kika zagaye ɗakin girki don ana soya albasa. Kuma sallar ɓoyen nan taki, goshinki yana fitowa da ƙasa, ki riƙa gogewa. Kullum in na gan ki sai ta taso mini har nan, har nan." Ta nuna maƙogwaro. "Na zubar da na kowa, 'yar nan, na shekara arba'in duk na zubar. Wannan ɗaya na ce ko haƙorana za su ƙare. In ba goro sai ruwa, in ba ruwa sai in cika bakin da wata maganar. Sakar mini hannu, akwai mutane a tsakar gida."

Na sake ta. Ta cusa goron, kumatu ya kumbura, hawaye yana bin kansa. Na zauna a ƙasa na ɗora kaina a gwiwarta na yi kuka, ita kuma tana shafa mini baya tana cewa "Mm. Mm."

Bayan mako biyu sakamako ya iso. Hoto ne mai launi, ja da rawaya da kore, a gaban goshi kuma wani wuri ya yi shuɗi-shuɗi. Likitan Kano ya ce jini yana ƙaranci a nan, kuma nan ne wurin da ke taimaka wa mutum ya riƙe abin da ya zo masa baki. Ya ce hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, amma ya yi daidai da abin da muke gani, kuma yana iya sauƙi a hankali. Inna ba ta saurari ƙarshen ba. Ta sa aka lulluɓe hoton da leda, ta riƙa yawo da shi gida-gida tana nuna shuɗin da yatsa. Hajiyar mai unguwa ta daɗe tana dubawa, ta ce lallai wurin ya yi kama da fadamar da ruwa ya janye, ta yafe. Liman ya ce shi ma ya yafe, amma a daina maimaita zancen kwaɗo.

Wata uku Inna ta ƙara tana cusa goro, har sai da cikin ya fito ya yi wa kansa shela. Haƙoranta biyu na gefe suka tafi a wannan aiki. Da naƙuda ta zo, cikin kaka, maigidana ya fito da babur zai tafi Zakirai, na ce ya je ya ɗauko ma'aikaciyar, amma Inna ce za ta riƙe ni. Na yi ihu, ban ɓoye ba, na kira uwata da kakata, na ciji abin da na samu. Mace aka samu.

Ranar suna gidan ya cika. Inna tana tsakiya da jaririyar a cinya, tana ba mata labarin ihuna dalla-dalla, har da kwaikwayon murya, tana nuna sabon tabo kusa da na Hajiya. Ina jin su daga ɗaki ana ta shewa, ban ji haushi ko kaɗan ba. Sai mai rabon goro ta iso gabanta ta miƙa mata faranti. Inna ta dubi goron, ta ture farantin da bayan hannu.

"Kai shi gaba," ta ce. "Na ci na shekara goma. Yau ku bar ni in yi magana."